Darasi: Zaɓen Silikon Don Gyaran Akwatin Kifi Na Gilashi

Akwatin kifi mai tsawon santimita 120, faɗin 45 da zurfin 50 yana cin ruwa lita 270. Kowace lita kilo ɗaya ce, saboda haka ruwan kaɗai ya fi buhun siminti biyar nauyi. Kuma ba ƙasa kawai yake dannawa ba. Yana tura gilashin gaba zuwa waje da ƙarfin da ya kai kusan kilo 150, dare da rana, ba hutu. Babu ƙusa a jikin akwatin, babu noti, babu walda. Abin da ya haɗa gilasan nan biyar ya riƙe su shi ne siririn layin silikon da kaurinsa bai wuce milimita biyu ko uku ba.

Wannan layi aiki biyu ake nema a wurinsa. Ana so ya ɗauki nauyi na shekaru ba tare da ya saki ba, ana kuma so ya zauna cikin ruwa ɗaya da kifi bai saka masa guba ba. Yawancin silikon da ke kan kantar masu kayan gini yana iya ɗaya daga ciki. Wanda ke iya duka biyun kaɗan ne, kuma daga waje robarsu kusan iri ɗaya ce.

Kafin silikon ya zo

A 1853 aka buɗe ɗakin kallon kifi na farko ga jama'a a gidan zu na Landan. Daga nan har kusan shekara ɗari, akwatin kifi firam ɗin ƙarfe ne da ake jera gilashi a ciki, a toshe gefe da kwaɓi, sau da yawa a sa masa gindi na allon dutse. Kwaɓin yakan bushe ya tsattsage, ƙarfen ya yi tsatsa, musamman idan ruwan gishiri aka zuba.

Masanin sinadarai Frederic Kipping na Nottingham a Ingila ya shafe shekaru tun farkon ƙarni na 20 yana nazarin dangin sinadarin silikon, shi kansa kuwa bai ga wani babban amfani da zai yi ba. A Amurka ne aka mayar da abin sana'a. James Franklin Hyde ya yi aiki a kai a kamfanin gilashi na Corning, Eugene Rochow na General Electric ya gano hanyar sarrafa shi da yawa a 1940, sannan a 1943 aka kafa kamfanin Dow Corning, wanda kayansa na farko na kare wayoyin injin jiragen yaƙi ne daga laima. Sai a shekarun 1960 masu kiwon kifin ado suka fara haɗa akwati da gilashi zalla, ba firam.

Dalilin da ya sa silikon ke kama gilashi da ƙarfi haka shi ne asalinsu ɗaya. Gilashi daga yashi ake narka shi, silikon ma daga sinadarin da ke cikin yashi ake gina shi. Idan fuskar gilashin tana da tsabta, sinadaran biyu haɗuwa suke yi, ba mannewa kawai ba. Bayan ya bushe kuma yana talewa ya koma, don haka gilashin na iya ɗan motsi idan aka cika ruwa ko aka rage, liƙin bai tsage ba.

Abin da hanci ke faɗa

Silikon ba ya bushewa kamar fenti. Danshin da ke cikin iska yake sha, ya daskare daga waje zuwa ciki, yana fitar da wani sinadari a lokacin. Da wannan sinadarin ake raba shi gida biyu.

Na farko yana fitar da wari mai kaifi irin na ruwan khal, har ido ya yi yaji. A jikin robarsa akan rubuta acetoxy ko acetic cure. Shi ne ya fi kama gilashi, kuma yawancin silikon da kamfanoni ke yi musamman don akwatin kifi daga wannan gida yake. Warin na razana sabon shiga, amma tsamin yana ficewa gaba ɗaya idan ya gama bushewa. Aibinsa a wani wuri yake: yana cin ƙarfe, yana ɓata marmara da siminti da bayan madubi.

Na biyu, mai rubutun neutral cure, ba shi da wannan wari sosai. An yi shi ne don ƙarfe, alminiyom, siminti da wuraren da tsami zai yi ɓarna. Wasu nau'o'insa suna fitar da metanol, wasu da amoniya, wasu wani sinadarin daban. Akwai masu kyau a cikinsu da aka yi don manyan tankuna, amma na kasuwar yau da kullum ba a yi su don zama cikin ruwa ba, kuma da yawansu na ɗauke da ƙarin magunguna.

A nan ne mutane da dama ke yin tuntuɓe. Sun ji an ce mai warin khal ne na kifi, sai su ɗauka duk mai warin khal ya yi. Ba haka ba ne. Silikon ɗin banɗaki ma sau da yawa mai warin khal ne, shi ne kuwa ya fi kowanne haɗari.

Maganin funfuna

Banɗaki da wurin wanke-wanke kullum a jiƙe suke, silikon ɗin da aka sa a gefen baho ko tayil yakan yi baƙi da funfuna. Don magance wannan, kamfanoni suna zuba maganin kashe funfuna a cikin kwaɓin. An tsara maganin ne ya riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan zuwa saman liƙin na tsawon shekaru. A banɗaki wannan alheri ne, domin ruwan wanka yana wanke shi ya bi rariya. A akwatin kifi babu rariya. Ruwan nan dai shi ne, kifi yana zuƙarsa yana fesarwa ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai, maganin kuma yana taruwa.

Magungunan ba na wasa ba ne. Akwai OIT da DCOIT, akwai zinc pyrithione, a da kuma an yi amfani da wani mai sinadarin asenik. DCOIT ɗin nan shi ne ake sa wa a fentin gindin jiragen ruwa don hana halittun teku maƙalewa. Abin da aka ƙera domin ya kori rai daga jikin jirgi a tsakiyar teku, ba sai an tambayi abin da zai yi a lita 270 ba. Ƙananan halittu ne ke fara jin jiki, wato jatan lande, katantanwa da 'ya'yan kifi, kafin manya su fara taruwa a saman ruwa suna haki.

Sai dai a yi adalci. Kifin da ke haki a sabon akwati ba lalle silikon ne ya jawo ba. Sinadarin kulorin na ruwan famfo da amoniyar da ke taruwa daga kashin kifi suna kawo alamomi iri ɗaya, kuma su ne suka fi yawan kashe kifi a makonnin farko. Amma waɗannan ana gyara su da sauya ruwa. Silikon mai magani kuwa ba ya wankuwa. Ko an sauya ruwa sau goma, gobe zai sake tsattsafowa. Maganinsa ɗaya ne, a kankare shi duka.

A gaban kanta

Mai saye ya shiga shagon kayan gini ya ce yana neman silikon na akwatin kifi. Mai shago ya miƙo masa wanda ya fi kusa da hannu, ya ce, "Ga shi, Alhaji, duk ɗaya ne. Wannan ma ya fi, ba ya baƙi." Ba ƙarya ya yi ba a iya saninsa. Abokan cinikinsa masu aikin tagar alminiyom ne da masu sa tayil, a wurinsu rashin yin baƙi abin yabo ne. Ga mai kifi kuwa, wannan yabon shi ne alamar ya ajiye robar.

Don haka mai saye ya juya robar ya karanta da kansa, ko ya sa wani ya karanta masa. Rubutun yawanci da Turanci yake zuwa, kalmomin da za a kiyaye kuma ba su da yawa. Duk inda aka ga mildew resistant, mould resistant, anti-fungal, sanitary ko kitchen and bath, maganin funfuna na ciki. Inda aka ga paintable ko siliconized acrylic, wannan ma ba silikon na gaske ba ne. Kwaɓin toshe tsagar bango ne da aka ɗan ɗiga wa silikon, ruwa kuwa zai jiƙa shi ya saki. Silikon na ainihi fenti ba ya kama shi.

Abin da ake nema shi ne 100% silicone, tare da kalmar aquarium da kamfanin ya rubuta da kansa a jerin ayyukan da kayan ya dace da su. A duba ƙananan rubutun baya da kyau, domin wasu suna ambaton kalmar ne a jerin abubuwan da aka hana. Kamfanoni da dama suna da nau'in da suka ware don wannan aiki, irin su Silirub AQ na Soudal, Ottoseal S28, Dowsil 881 da na Aqueon. Masu haɗa manyan akwatuna a Amurka sun daɗe suna amfani da RTV108 mai garau da RTV103 baƙi na kamfanin Momentive, wanda ya gaji sashen silikon na General Electric a 2006. A can ɗin an sha muhawara kan GE Silicone I da Silicone II, biyu masu kusan suna ɗaya a kanta ɗaya, na farko mai warin khal, na biyu ba shi da shi. Darasin da ke cikin wannan muhawara shi ne sunan kamfani bai isa ba, kuma kamfani na iya sauya haɗinsa ya bar sunan yadda yake. Shawarar da wani ya bayar shekara goma da suka wuce ba ta maye gurbin karanta robar da ke hannu yau.

Akwai wata matsalar da rubutu ba ya nunawa sosai. Silikon mai arha ƙwarai sau da yawa an sirka shi da mai don ya yi auki. Irin wannan yana motsewa bayan ya bushe, ƙarfinsa bai kai ba, wani lokaci har maiƙo yake bari a gefen liƙin. Ga taga zai iya wucewa. Ga gilashin da ruwa ke turawa da kilo 150, bambancin kuɗin bai kai darajar kafet ɗin falo ba, balle kifin.

Sai kwanan wata. Silikon yana lalacewa a cikin robarsa, yawanci bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zafi kuma yana gaggauta hakan. Robar da ta kwana biyu a shagon kwano ta sha zafin bazara, tana iya fitowa da gudaji, ko ta fito sumul amma ta ƙi bushewa har abada. Gwajin ba wuya: a matsa ɗan kaɗan a kan gutsuren gilashi a bar shi kwana ɗaya. Idan ya daskare, yana talewa, kuma farce bai iya ɓamɓare shi cikin sauƙi ba, yana da rai. Idan yana danƙo a yatsa, a jefar.

Batun launi ra'ayi ne. Mai garau ya fi ɓuya a farko, amma gansakuka na shiga gefensa, kuma shuɗin maganin kifi na methylene blue yana rina shi rinin da ba ya fita. Baƙi yana ɓoye duk wannan, sai dai yana tona asirin hannun da bai iya ja layi ba.

Yoyo iri biyu

Kafin a sayi komai, a gano inda ruwan ke bi. A kowace kusurwa ta akwati silikon biyu ne. Akwai wanda ke tsakanin bakin gilashi da gilashi, shi ne mai ɗaukar nauyi. Akwai kuma na ciki, wanda aka shafa a kusurwa da yatsa, aikinsa ya kare na farkon daga ruwa da reza da bakin kifi.

Idan na cikin ne ya ɗago ko ya yayyage, gyaran mai sauƙi ne, kowa zai iya. Amma a duba haɗin daga waje, a haska tocila. Idan an ga kumfa-kumfa a jere, ko fari-fari inda ya kamata a ga garau, ko ruwa ya shiga tsakanin gilasan, to mai ɗaukar nauyin ne ya saki. Shafa sabo a ciki zai tsayar da ɗigar na ɗan lokaci ya bar haɗarin yana nan. Wannan akwati sai an raba gilasansa an sake haɗawa, idan babba ne kuma aikin gwani ne. Gilashin da ya tsage ma silikon ba ya mayar masa da ƙarfinsa. A sauya shi.

Wani abin dubawa shi ne ko akwatin gilashi ne ma. Wasu na akirilik ne, wato filastik mai garau. Silikon ba ya kama shi da kyau, da wani ruwa ake narka bakinsa a haɗe.

Aikin kansa

Doka ta farko ita ce sabon silikon ba ya kama tsoho yadda ya kamata. Wanda ya shafa sabo a kan wurin da ke yoyo kaɗai ya ɗaga ranar ne kawai. Tsohon layin ciki duka ake cirewa, kusurwoyi huɗu na tsaye da kewayen gindi.

Ana kwashe kifi da ruwa da tsakuwa, a wanke akwatin da ruwa zalla, a bar shi ya bushe. Sai a ɗauki sabuwar reza, a kwantar da ita a jikin gilashin, a tura ta ƙarƙashin silikon ɗin daga gefe ɗaya, sannan daga ɗaya gefen, layin ya fito kamar igiya. A kiyaye kada bakin rezar ya nutsa tsakanin gilasan biyu, domin nan ne ƙarfin akwatin yake. Bayan igiyar ta fita, aikin gajiya ke farawa. Wani siririn saura yana nan a jikin gilashin, ido ba ya ganinsa sai an karkata shi ga haske, amma yatsa na jinsa: inda gilashi yake tas yatsa na yin ƙara, inda saura yake yana santsi. Ana ta kankara, ana sauya reza da zarar ta dakushe. Yawancin gyaran da ya sake yoyo a nan aka yi masa ha'inci, ba a wurin zaɓen silikon ba.

Daga nan a goge da asiton ko sifirit a tsumma mai tsabta marar gashi. Ruwan goge jan farce bai dace ba, saboda akwai mai da turare a cikinsa. Sabulu ma haka. Bayan gogewa kada a sake taɓa wurin da hannu, domin maiƙon yatsa ya isa ya hana kamu. Asiton na kama wuta, warin silikon kuma na hawa kai, don haka a yi aikin a inuwa a waje ko a buɗe tagogi.

Ana manna salatif na takarda a gefe biyu na kowace kusurwa, a bar tazarar kamar milimita 8 zuwa 10. A yanke bakin robar a karkace, a sa ta a bindigar matsawa, a fara da gindi, a bi da kusurwoyin tsaye, ba tsayawa. A bi layin da yatsa cikin safar hannu sau ɗaya, a danna shi ya shiga kusurwa. Masu aikin taga kan jiƙa yatsa da ruwan sabulu don layin ya yi kyau, amma a nan ba a yi. Sai a ɓare salatif ɗin nan take. Silikon yana yin fata a cikin kamar minti 10, a zafin rana ƙasa da haka, kuma idan fatar ta riga ta yi, salatif zai ɗago gefen liƙin. Saboda wannan gaggawa, a tanadi komai kafin a fara. Akwatin da aka ambata a farko yana da layin ciki na mita 5.3. Roba ɗaya mai mililita 300 tana ba da kamar mita 6 idan layin na milimita 10 ne, wato da ƙyar ta isa. A sayi biyu.

Jira

Silikon yana bushewa kamar milimita 2 zuwa 3 a kwana ɗaya, daga waje zuwa ciki. Layin da ya yi tauri a sama yana iya zama ɗanye a ciki. Kamfanoni kan ce awa 24 zuwa 48 ga siririn layi, masu haɗa akwatuna kuwa suna ba shi mako guda, babban akwati ma fiye.

Waɗannan alƙaluma an auna su ne a iska mai matsakaicin danshi. Mai gyara a Kano, Sakkwato ko Damagaram a tsakiyar hunturu yana aiki ne a iskar da danshinta ke sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Tunda danshi ne abincin silikon, bushewar za ta ja lokaci fiye da abin da aka rubuta. Wannan ya saɓa wa abin da aka saba, domin wanki a hunturu ya fi saurin bushewa, shi ya sa wasu ke fitar da akwatin rana suna zaton suna taimaka masa. Abin da zai taimaka shi ne kwanon ruwa ko jiƙaƙƙen tawul a kusa, a rufe saman akwatin da yadi mai shan iska don ƙura, a ƙara kwanaki. Da damina aikin ya fi sauri. A kowane yanayi, muddin an sa hanci a kusurwa an ji warin khal, bai gama ba.

Gwaji a tsakar gida ake yi, ba a falo ba. A ɗora akwatin a wuri mai daidai, a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashinsa don ta nuna ɗigo. A cika kashi ɗaya cikin uku a jira awoyi, a ƙara, har ya cika, a bar shi kwana biyu ko uku. A zubar da wannan ruwan, a ɗauraye, sannan a mayar da shi mazauninsa babu ruwa a ciki. Ɗaga akwati da ruwa yana murɗa haɗinsa. Teburin da ya karkata ma haka yake yi a hankali, shi ya sa ake auna shi da ma'aunin magina, a shimfiɗa farin soson da ke zuwa cikin kwalin kayan lantarki a ƙarƙashin akwatin da ba shi da firam.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya ziyarci shagon kayan gini ko wurin masu aikin gilashi da alminiyom, ya kwafo rubutun jikin silikon iri uku tare da kwanan watan ƙarewarsu, ya zo ya bayyana wa aji wanne zai sa a akwatin kifi, wanne zai ƙi, da dalilinsa. Sannan ya lissafa litar ruwa da tsawon layin ciki na akwati mai tsawon santimita 90, faɗin 40 da zurfin 45, ya faɗi roba nawa zai saya.